Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Apple da Google: Mai Gadin da Kuke Sa Mana a Waya, Wa Yake Yi wa Aiki?

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin kamfanonin Apple da Google,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne domin kusan duk wayar zamani da ke hannun jama'a a duniya, in ba tsarin iOS na Apple ke juya ta ba, to Android na Google ne. Manhajar banki, ta labarai, ta wasa, ta hira, duk wadda ke son ta sa waya ta yi ƙara a aljihun mutum, ta ƙofarku take bi. Don haka in za a yi maganar sanarwar da ke faɗo mana dare da rana, ku ya kamata a tunkara.

Na ga inda kuka dosa. Tun 2009 da Apple ya buɗe wa manhajoji hanyar turo sanarwa kai tsaye, kuke ta fama da toshe ɓarakar da ta biyo baya. A 2012 aka sa wa iPhone tsarin "kar a dame ni". A 2017 aka koya mata gane cewa mai ita yana cikin mota, a shekarar kuma Android ya ba mutum damar raba sanarwar kowace manhaja gida-gida, ya rufe wannan ya bar waccan. A 2021 Apple ya kawo Focus, inda waya ke sauya hali da zarar mutum ya isa wurin aiki ko lokacin barcinsa ya yi. Yanzu kuma kun shigo da ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta karanta saƙo da kanta, ta auna nauyinsa, ta yanke ko ya isa a katse mutum saboda shi. Burin dai shi ne waya ta san halin da mai ita yake ciki, ko tuƙi yake, ko taro, ko ibada, ko yana zaune ba abin yi, sannan ta yi magana ko ta kama bakinta daidai da hakan.

Ina son wannan abu, kar ku ɗauka ina cikin masu cewa a koma waya mai maɓallai. Matsalar da kuke son magancewa ta gaske ce. A 2023 ƙungiyar Common Sense Media ta Amurka ta bibiyi wayoyin yara masu shekara 11 zuwa 17, ta tarar rabinsu suna samun sanarwa 237 ko fiye a rana guda. Tun a 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Jihar Florida suka nuna cewa ƙarar waya kaɗai, ko mutum bai ɗaga ya duba ba, tana ƙara masa kuskure a aikin da ke buƙatar natsuwa. Kashe komai ma bai zama mafita ba. A wani bincike da aka wallafa a 2019, waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu ita sau uku a rana sun fi samun kwanciyar hankali, amma waɗanda aka yanke musu ita ɗungurungum sai fargaba ta ƙaru, suna ta tunanin me ke wuce su. Ke nan ana buƙatar mai gadi a bakin ƙofa, wanda zai san baƙon da za a shigo da shi nan take, da wanda za a ce ya zauna a benci, da wanda za a sallama. Tambayata ɗaya ce, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa: mai gadin nan, wa ke biyansa albashi?

Ga abin da ya sa nake tambaya. A 2015 masu bincike na kamfanin sadarwa na Telefónica a Barcelona suka gwada ko waya za ta iya gane lokacin da zaman banza ya ishi mai ita. Suka duba abubuwa kamar yaushe aka kira shi na ƙarshe, ƙarfe nawa ne, da yadda yake ta kunna fuskar waya yana kashewa. Suka dace, fiye da kashi 80 cikin 100 na hasashen ya faɗa daidai. To me suka yi da wannan sani? Suka riƙa tura wa mutane labaran shafin nishaɗi na BuzzFeed a daidai wannan lokaci, suka kuma tarar mutane sun fi buɗewa, sun fi daɗewa a kai. Bayan shekara biyu, masu bincike na Jami'ar Keio tare da kamfanin Yahoo na Japan suka gwada jinkirta sanarwa zuwa lokacin da mutum ya sauya abin da yake yi, misali ya tsaya bayan tafiya. Mutum fiye da 680,000 gwajin ya shafa, kuma sakamakon shi ne mutane sun fi saurin dannawa.

Ban ga laifin masu binciken ba, a fili suka yi aikinsu suka wallafa. Abin da nake so ku duba shi ne ma'aunin da aka auna nasara da shi, wato dannawa. Ilimin da ke gaya wa waya "yanzu yana cikin taro, a ƙyale shi" shi ne dai ke gaya mata "ya fito daga taro, ya gaji, yana tsaye shi kaɗai, yanzu ne ba zai iya ƙin dubawa ba." Hasashe ɗaya ne, na'ura ɗaya ce. In aka ba wa mai talla rabin na biyu, abin da za mu samu shi ne sanarwa kaɗan amma kowacce ta san inda za ta soke mu. Yawan ƙara zai ragu, kuna iya nuna alƙaluma a taron shekara ku ce kun rage damuwa, alhali lokacin da mutum ke ɓatawa a waya ya ƙaru. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya fi damuna game da Google, wanda mafi yawan kuɗin shigarsa daga talla yake. Apple ma bai kuɓuta ba, tunda yana da kaso a cinikin da ake yi cikin manhajoji, kuma tun 2020 ya halatta tura talla ta hanyar sanarwa muddin mutum ya amince. Kowa kuwa ya san yadda ake karɓar amincewar nan: a ranar farko, mutum yana sauri ya shiga manhaja, an tare shi da tambaya.

Abin da nake nema a nan a bayyane yake. Duk abin da waya ta fahimta game da halin da nake ciki, ya zama na hana shigowa ne kawai. Manhaja ta miƙo saƙonta ta tafi. Kar a gaya mata an riƙe shi, kar a gaya mata dalili, kar a ba ta wata kafa da za ta tambayi waya ko yanzu hankalina a kwance yake. Ku rubuta wannan cikin dokokin shagunanku na manhaja, ku kuma kori wanda ya karya.

Akwai wani gurbi da ke kusa da wannan. A tsarin da Apple ya fito da shi a 2021, sanarwa hawa huɗu ce, daga wadda ke shigowa shiru har zuwa ta gaggawar da ke ratsa komai. Ta ƙoli sai da izini na musamman daga kamfani, wannan ya yi. Amma ta ƙasa da ita, wadda ake cewa lokacinta na ƙurewa, mai manhaja ne ke liƙa wa saƙonsa wannan lamba da hannunsa. A Android ma mai manhaja ne ke tsara gidajen da ya raba sanarwarsa, shi ya sa za ka ga an cusa tallar rangwame gida ɗaya da saƙon da ke gaya maka direba ya iso. In ka rufe talla, ka rufe direba. Wane baƙo ne za a tambaya ko zuwansa na gaggawa ne ya ce a'a? Na san kun rubuta cewa kar a yi amfani da wannan hawa don talla. Rubutu daban, bibiya daban. Manhajar da aka kama tana kiran talla gaggawa, a ƙwace mata wannan dama na wani lokaci, a kuma sanar da masu amfani da ita dalili.

Sai maganar kuskure, wadda na fi so mu daɗe a kanta, domin ina ganin nan ne aka fi yi wa abin kallon sauƙi.

Waya ba ta ganin mutum. Abin da take da shi alamu ne: na'urar da ke jin motsi da jijjiga, wadda ke auna haske, agogo, taswira, kalanda, wani lokaci bugun zuciya in akwai agogon hannu. Daga nan take kintace. Ku ɗauki ma'aikaciyar jinya mai aikin dare. Ƙarfe biyu na dare tana zaune a teburin ɗakin marasa lafiya, an rage fitilu, wayarta a kife kusa da littafin rajista, awa guda ba a taɓa ta ba. Duhu, shiru, ba motsi, tsakar dare: duk alamun barci sun cika. Sai waya ta riƙe saƙon da aka turo mata daga gida cewa zazzaɓin ɗanta ya tashi. Ƙarfe tara na safe kuwa, ta dawo gida ta ja labule ta kwanta, waya ta ga gari ya waye, ranar aiki ce, ta buɗe ƙofa, saƙonnin dare gaba ɗaya suka zubo. Za ku ce tsarin zai koyi jadawalinta. Wannan makon dare take yi, mako mai zuwa safe. Haka fasinja da ke zaune a bayan mota, wanda waya ke ɗauka shi ke tuƙi har sai ya danna ya rantse mata ba shi ba ne. Haka wayar da mutum biyu ko uku ke amfani da ita a gida ɗaya, wadda halin da ta koya ba na kowa ba ne a cikinsu.

Kuskure iri biyu ne a nan, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. In waya ta yi ƙara inda bai kamata ba, na ji, na ji haushi, na shiga na gyara. Kuskuren ya nuna kansa. In kuwa ta yi shiru inda ya kamata ta tashe ni, ban sani ba. Ban yi ƙorafi ba, ban danna komai ba, kuma a lissafin na'urarku wannan shirun nasara ce. Tsarin da ke koyo daga abin da mutane ke yi zai ta jin kukan waɗanda aka dama, ba zai taɓa jin na waɗanda aka bari suna barci ba. A hankali sai ya karkata wajen yin shiru, yana ganin ƙwarewa yake yi.

Wannan ya riga ya faru, a kan babban abu. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Android yana da tsarin gargaɗin girgizar ƙasa da ke aiki da na'urorin jin motsi na wayoyi, kuma gargaɗinsa iri biyu ne. Babban yana ratsa "kar a dame ni", ya yi ƙara mai ƙarfi, ya mamaye fuskar waya. Ƙaramin ba ya ratsawa. A daren nan tsarin ya kintata ƙarfin girgizar tsakanin 4.5 da 4.9, sai ya tura babban gargaɗi ga wayoyi 469 kacal. Kimanin rabin miliyan suka samu ƙaramin, wanda ba ya tada mai barci. Da farko Google ya ce tsarin ya yi aiki yadda ya kamata. Sai a 2025 injiniyoyinsa suka bayyana cewa bayan sun gyara lissafin sun sake gwadawa da bayanan wannan dare, babban gargaɗin ya kai miliyan 10. Na yaba da aka fito aka faɗa, na kuma yarda cewa gane girgiza cikin daƙiƙoƙi aiki ne mai wuya. Amma sai da aka shekara biyu kafin jama'a su ji adadin. In kuskuren shiru mai wannan girma ya ɗauki wannan lokaci kafin ya fito fili, ƙanana da ke faruwa kullum a aljihun mutane wa zai ƙirga su?

Masu ƙera jiragen sama sun daɗe da fuskantar wannan, kuma akwai abin koyi a wurinsu. Tun 1981 hukumar sufurin sama ta Amurka ta hana matuƙa duk wata hira ko hidimar da ba ta shafi tuƙi ba a lokacin tashi da sauka, ƙasa da ƙafa 10,000. Jiragen Airbus kuma da kansu suke riƙe gargaɗin da bai kai na hatsari ba a daidai lokacin tashi, don kar a raba wa matuƙi hankali. Sai dai jirgin yana rubutawa a allon da ke gaban matuƙi cewa yanzu fa ana riƙe gargaɗi. Matuƙi ya san ƙa'idar tun daga makaranta, ya san lokacin da riƙon ke farawa da lokacin da yake ƙarewa, kuma da an wuce wurin abin da aka riƙe zai bayyana. Ba a ɓoye masa cewa ana ɓoye masa wani abu ba.

Irin wannan nake so a wayata. Wuri ɗaya, mai sauƙin samu, inda zan ga duk abin da aka riƙe yau, da ƙarfe nawa ya zo, da dalili cikin magana ta mutane: "an riƙe saboda an ɗauka kana tuƙi," "an riƙe saboda ba ka saba buɗe saƙon wannan lamba ba." A gefen kowanne a sa inda zan ce an yi daidai ko an yi kuskure, kuma in na ce mutumin nan ko da yaushe a bar shi ya shigo, maganata ta zama ita ce ta ƙarshe, kar wani sabunta manhaja ya zo ya goge ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuna da ɓurɓushin wannan tunani tuntuni. A iPhone kira na biyu daga mutum ɗaya cikin minti uku yana ratsa shiru, a Android cikin minti 15. Dabara ce mai kyau domin kowa na iya fahimtarta ya kuma gaya wa iyalinsa. Ƙa'idar da mutum zai iya riƙewa a ka ta fi masa amfani a kan basirar da ba ya iya hasashen abin da za ta yi gobe. Ko ita ɗin ma tana da gibi, domin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke kira daga layin ofis sau ɗaya yake bugawa, in ba a ɗauka ba ya wuce ga na gaba a jerinsa.

Game da taƙaita saƙonni da ƙirƙirarriyar basira ke yi ba zan ja magana ba, abin da ya faru ya isa. A Disambar 2024 BBC ta kai ƙara ga Apple bayan basirar iPhone ta taƙaita labaranta ta rubuta, ƙarƙashin tambarin BBC, cewa mutumin da ake tuhuma da kashe shugaban wani kamfanin inshorar lafiya a New York ya harbe kansa. Bai harbe kansa ba. A Janairun 2025 Apple ya dakatar da taƙaita sanarwar manhajojin labarai. BBC tana da murya, shi ya sa aka ji. Matar da aka taƙaita mata saƙon mijinta aka juya ma'anarsa ba ta da ofishin yaɗa labarai. Wannan kuwa a Turanci ne, harshen da injinanku suka fi ƙwarewa a kai. Saƙon da aka rubuta da harshen da injin bai iya sosai ba, ko aka gauraya harsuna biyu, ko aka yi shi da habaici, in injin bai gane ba ya miƙa shi yadda ya zo, kar ya jefa shi cikin marasa muhimmanci don kawai bai ga kalmar da ya sani ba.

Saura sirri. A farkon shekarun 1990, a cibiyar binciken Olivetti da ke Cambridge a Ingila, ma'aikata sun riƙa rataya wani ɗan baji da ke aika sigina duk daƙiƙa 15, domin mai karɓar waya ya san ɗakin da mutum yake ya tura masa kira can. Yana cikin na'urorin farko da suka san inda mai su yake. Tun a lokacin aka tada maganar sa ido, amma amsar tana da sauƙi: wanda ba ya so a san inda yake sai ya cire bajin ya ajiye a kan tebur. Waya ba ta ciruwa haka. Da ita ake biyan kuɗi, da ita ake shiga wurin aiki, da ita ake kwana. Wayar da za ta iya gane barcina da tuƙina da ibadata da zuwana asibiti ta san rayuwata fiye da maƙwabcina. Mun kuma ga inda irin wannan bayani ke zuwa. A Disambar 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwar mutane daga wurinku, tunda kusan duka ta kwamfutocinku take ratsawa. Apple ya ce an hana shi faɗa ne, daga baya ya ce sai da umarnin alƙali zai bayar. Wancan bayanin ya ƙunshi wace manhaja ce ta turo saƙo, da yaushe, da wayar da aka tura wa, wani lokaci har da abin da saƙon ya ƙunsa. Ku ƙara masa "yana barci, yana tuƙi, yana tare da mutane, bugun zuciyarsa ya hau", ku ga abin da za a zo nema. Lissafin halin da nake ciki a yi shi cikin wayar, ya tsaya cikin wayar, a goge shi bayan 'yan kwanaki. Abin da ba ku ajiye ba, ba wanda zai tilasta muku miƙawa.

A 2022 Android ya fara tilasta wa sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta turo sanarwa, abin da iPhone ta daɗe tana yi. Ku ƙara taki ɗaya. Sabuwar manhaja ta fara a shiru, saƙonta ya taru a gefe ba ƙara ba jijjiga, har sai mai waya da kansa ya ɗaga ta. Sannan kamar yadda kuke fitar da rahoton buƙatun da gwamnatoci ke kawo muku, ku riƙa fitar da na wannan duk shekara: sau nawa mutane suka ce an riƙe musu saƙon da bai kamata a riƙe ba, manhajoji nawa aka hukunta kan ƙaryar gaggawa, da harsunan da aka gwada tsarin a kansu kafin a sake shi. Ku bar masu bincike na waje su duba alƙaluman.

Na gode da lokacinku. Ina sauraron amsa.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu riƙe da wayoyinku